GARGAƊI ga masu neman gitar bes a Jos: 385,000 na tura, tarkace aka aiko min

Jama'a duk wanda ke neman bes a Jos ko Abuja ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko sisi. Akwai wani mutum da ke tallar gita a Facebook da guruf-guruf ɗin makaɗa na WhatsApp, yana cewa kayansa duk Beljiyam ne daga Ingila kuma yana da shago a Abuja, to wannan mutumin ya cinye min naira 385,000, ban da 15,000 na webil, dubu ɗari huɗu cif kenan, kuma wallahi har yanzu da nake rubutun nan hannuna rawa yake don takaici. Ina da sikirinshot na komai, hirarmu tun daga sallamar farko, rasit, muryoyin da ya turo, hoton abin da ya nuna min da hoton abin da ya iso. Zan ɗora su, ina rufe lambobin asusu ne kawai saboda an ce min kar in saka su a fili tunda maganar ta je hannun hukuma.

Abin da ya tallata Squier Classic Vibe '60s Jazz Bass ce, mai kalar nan uku da ke farawa da ruwan ɗorawa a tsakiya ta ƙare da baƙi a gefe. Wanda bai san harkar ba, kamfanin gita na Fender ne suka fito da bes ɗin Precision a 1951 sannan bes ɗin Jazz a 1960, su Classic Vibe kuwa kwaikwayon waɗancan tsofaffin ne da ƙaramin kamfaninsu Squier ke yi da araha, da farko a China ake yinsu tun 2008, daga 2019 suka koma Indonesiya. Kuma ni ra'ayina tun da can ban ɓoye shi ba, ga mai kiɗan biki da situdiyo irina a ƙasar nan babu abin da ya kai su. Fikof ɗin, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, mai maganaɗisun alniko ne, wuyan mai sheƙi ne siriri yana zama a hannu, in ka sa mata tsirkiya mai kyau ka daidaita tsayinta to a cikin taro babu mai banbance ta da wadda ta ninka ta kuɗi. Na taɓa kaɗa ta wani abokina a Rayfield, tun ranar na sa wa raina sai na mallaki irinta. Saboda haka masu shigo min inbos suna cewa wai da ma Fender ta asali na tara kuɗi na saya, don Allah ku bar ni, da wane kuɗin? Kun san yadda dala take kuwa? Gitar ba ita ta cuce ni ba, mutum ne ya cuce ni.

420,000 ya fara cewa. Muka yi ta ja har ya sauko 385,000 yana cewa wallahi oga faɗuwa zan yi don dai kai makaɗi ne ɗan'uwana. 385,000. Tsohuwar bes ɗina na sayar na haɗa da kuɗin adashe na watan, wadda na yi shekaru ina cin abinci da ita, yanzu tana hannun wani yaro a Bukuru yana kaɗawa lafiya lau ni kuma ina zaune da katako.

Kuma kar wani ya ce min cinikin biri a sama na yi, domin ban yi ba. Bidiyo kol muka yi. Na ga gitar da idona. Na ce ya juya min bayan kanta, ya juya, ga rubutun Crafted in Indonesia ga lambar siriyal ta fara da ICS kamar yadda wasu na Indonesiya suke farawa, na ce ya matso da kyamara ya matso, na kwafe lambar a takarda na je shafin Fender na duba ta fito daidai, Classic Vibe ce. Na ce ya jona ta a amfilifaya ya kaɗa min kowace tsirkiya tun daga sama har ƙasa, ya kaɗa, har na ce ya kashe fikof ɗin wuya ya bar na gada kaɗai, wato na kusa da ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin gitar, in ji wannan ƙarar mai kamar gurnani, ya yi, ta yi daɗi, wallahi ta yi daɗi. Ku faɗa min me ya rage wanda mai hankali zai yi? Wannan lokacin ne yake ta dawo min, yadda ya riƙe ta a kafaɗa yana murmushi ya ce "babban yaya in ka karɓa ba ta yi maka ba ka dawo min da ita, amana ce tsakaninmu". Amana. Da bakinsa ya ce amana, har da rantsuwa, ina da muryar.

A'a kafin ma bidiyo kol ɗin, ko bayansa ne, kaina ya ɗau zafi, ya turo min jerin gyaran da wai ya yi mata, kuma nan ne ainihin tarkon yake, ku kula da kyau. Ya ce ya cire fikof ɗin kamfani ya sa Seymour Duncan Quarter Pound, ya canza makunnan sauti zuwa CTS 250k, ya liƙe cikin ramin da takardar tagulla don kashe ƙugi, ya sa gadar Gotoh. Duk wanda ya san harkar ya san waɗannan su ne gyare-gyaren da mutane ke yi wa irin waɗannan gitocin, ba ƙirƙira ya yi ba, mutumin ya san abin da yake faɗa, shi ya sa ma na saki jiki, domin ɗan damfarar da bai san gita ba minti biyu ya ishe ni in gano shi. Ni kaina a ra'ayina Classic Vibe ba ta buƙatar canjin fikof, na kamfanin ya isa, tagullar nan da makunnai masu kyau ne kawai nake ganin suna da amfani musamman mu da muke kiɗa da janareta wayoyin wuta duk a hargitse ƙugi ya cika sifika. Har na faɗa masa haka, ya yi dariya ya ce oga kai gwani ne. Ashe shimfiɗa yake yi. Tunda ya riga ya ce an yi mata gyara, duk abin da ka gani daga baya wanda bai yi kama da na kamfani ba yana da amsa a aljihu: ai na ce maka na canza.

A wajen mai POS na Terminus na tura kuɗin saboda manhajar bankina tana ta wahalar da ni ranar. Sunan asusun da ya fito ba sunan da yake amfani da shi ba ne, na tambaye shi nan take, ban yi shiru ba, ya ce asusun matarsa ne nasa an sa masa iyaka, wanda kowa ya san ana yin haka, ni ma na sha karɓar kuɗin biki ta asusun ƙanena. Na tsaya da takardar lambar a hannu, mai POS na cewa oga in tura? na ce tura. 385,000. Sannan 15,000 daban wai na direba da kwali. Ya turo min hoton kwali an naɗe da salatif an rubuta sunana da lambata da maka, ya turo lambar direba, komai tsaf.

Kuma kwalin ya iso fa, abin da ya fi ƙona min rai kenan, da ma ya gudu da kuɗin kawai da na san ɓarawo ne tun ranar. Na je tasha na karɓa da yamma, direba na sauri zai juya, na ɗan yaga kwalin na ga kala iri ɗaya na ga sunan Squier a kai na ce alhamdulillah na hau keke na taho gida. Na riga na faɗa wa 'yan ƙungiyarmu duka, har mai ganga yana tsokanata wai ranar Asabar za mu ji sabuwar amarya, muna da biki a Farin Gada.

Ina ɗaga ta daga kwali na ji hannuna bai yarda ba. Wuyan kauri, babu sheƙin nan, bushe kamar ba a gama shafa masa mai ba, bakin ƙarafunan firet, waɗanda ke jere a kan wuyan, na kartar tafin hannu. Na jona, ƙugi kawai zzzz ko ban taɓa komai ba, tsirkiyar E kuwa daga firet na bakwai zuwa sama duk kaɗa ƙarfe take. Na kira shi, a lokacin yana ɗauka. Wuya fa? Ai oga na goge sheƙin da samfefa don hannu ya riƙa zamewa, manyan makaɗa haka suke yi. Gada fa, wannan ba Gotoh ba ce? Ai na mayar da ta kamfani na manta ban faɗa maka ba zan aiko maka. Ƙugin fa? Wutarku ta Jos ce. Kun gani? Kowace tambaya gyara ne amsarta.

Washegari na kai ta wajen wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa a Tudun Wada, wanda duk makaɗan garin nan suka sani, tun ina yaro yake gyara mana. Bai ce komai ba ya ɗauko sukundireba ya kwance fikof ɗin ya juya min bayansa, ya ce yarona duba. Wani baƙin maganaɗisu ne dogo an manna da gam a ƙasa, irin na gitocin koyo mafi araha. Ya ce alniko ƙusoshin da kake gani a sama su ne maganaɗisun da kansu ba a manna musu komai a ƙasa, Quarter Pound kuma ƙusoshinsa manya ne faɗin kwatan inci ko makaho ya shafa zai gane, waɗannan kuwa 'yan mitsi-mitsi. Ya buɗe wajen makunnai, 'yan ƙanana ne babu ko suna a jiki, tagulla babu ko ƙyalle, a ramin kana ganin katakon hawa-hawa, filawud ne aka fesa wa fenti. Ya ɗauko ma'auni ya auna wuyan daga sama, Jazz milimita 38 take, wannan ta kai 42. Ya sa makulli a ƙarfen cikin wuya don ya miƙar da shi, yana ta juyawa a banza, ya riga ya cinye, ma'ana wuyan nan ba zai taɓa miƙewa ba. Sai ya juya bayan kan gitar ya sa farce a gefen lambar siriyal, ta ɗago. Sitika ce. Lamba ɗaya sak da wadda na kwafe a takarda, aka buga a sitika aka manna, alhali ta gaskiya tana ƙarƙashin fenti ba ta ɓantaruwa. Na ce Baba nawa wannan za ta yi in zan sayar? Ya ce kar ka sayar wa kowa, haƙƙi ne.

Ma'ana yana da ta gaskiyar guda ɗaya a hannu, ita yake nuna wa kowa a bidiyo, ita na gani, ita na ji, lambarta na duba. Gitar da na bincika gaskiya ce, binciken da na yi daidai ne, a kwali aka yi musanya. To ta ina zan sani? Ta ina?

Na tura masa hotunan, ya karanta, alamar shuɗi ta fito, ya fara rubutu ya goge, sai ya turo murya wai direba ne ya canza a hanya. Direba ne zai samo gita mai kala iri ɗaya ya buga sitika mai lambar da ni da kai kaɗai muka sani? Daga baya ya ce zai dawo min da rabi in yi haƙuri mahaifiyarsa na asibiti. Na ce 385,000 na tura 385,000 nake so, webil ɗin ma na yafe. Daga nan ya yi bulokin ɗina ko'ina. Af na manta, tun kafin in tura kuɗin na ce wani ɗan'uwana da ke Abuja zai zo shagon ya gani, ya ce ya yi tafiya Kaduna yaron shago kuma ba shi da makulli amma akwai wani daga Legas da ke son biya yau. Bayan abin ya faru ɗan'uwan nawa ya je filazar da ya kwatanta ya zagaya sama da ƙasa, babu wanda ya taɓa jin sunan shagon, wajen da ya ce ma masu ɗinki ne a ciki.

Na je banki na cike takardar ƙorafi, na kai rahoto wajen 'yan sanda, ana kai. Bikin Asabar da bes ɗin aro na yi shi, 'yan ƙungiya na tambaya ina amarya na rasa bakin magana, matata kuwa har yau ban iya faɗa mata adadin gaba ɗaya ba don ta san daga ina kuɗin adashen ya fito.

Shawara dai: kar ka biya sai gita na hannunka ko hannun wanda ka yarda da shi. Wanda ya ce ya yi gyara ya kwance ya nuna maka bayan fikof a gabanka, kuma ya kawo tsofaffin kayan da ya cire. Ka sa farce a lambar siriyal. Shikenan.

Kuma tallar na nan har yanzu fa! Jiya wani ya turo min, hoto ɗaya, gita ɗaya, labule ɗaya a bayanta, ya canza suna kawai ya mayar da farashin 400,000, har da rubuta wai saura guda ɗaya. Mutum biyu sun riga sun yi min magana, ɗaya daga Bauchi an yi masa da Precision, shi ma labarin gyaran fikof aka ba shi kalma da kalma. In kai ma ya taɓa ka ko kana cikin ciniki da shi yanzu ka yi min magana ta inbos mu haɗa rasit ɗinmu mu kai tare, sikirinshot ɗin na nan tafe da daren nan in an kawo wuta. Allah ya isa tsakanina da shi, 385,000 ɗina ban yafe ba.