Yadin hijabi ne ya dace da alkyabbar Batman

Yadin hijabi mai talewa, wanda teloli ke kira jesi, shi na fi gamsuwa da shi wajen ɗinka wa 'yan tsanan roba alkyabba. Irin su Batman da Superman ɗin nan nake nufi, da ake samu a gwanjo, yawanci alkyabbarsu ta ɓace tun kafin su iso ƙauyenmu. Ɗan yayata ne ya matsa min: "Inna, Batman ba ya tashi sama in babu alkyabba." Ranar Juma'a na yanko rabin yadi a kasuwar Wudil, baƙi da ja.

Matsalar duka tsayi ce. Ɗan tsanan bai wuce inci 6 ba, don haka ƙyallen da zai zubo a jikin mutum, a jikinsa sandarewa yake yi. Shadda tana tsayawa ƙyam kamar faifai, ga santsi, tana zamewa daga wuya. Atamfa kuma zanenta ya yi girma, fure ɗaya ya cinye bayan gaba ɗaya, bakinta yana zazzarewa sai an yi kalmasa, kalmasar kuma tana ƙara mata kauri. Karan-miski yana da kyau a ido, amma nauyinsa na kayar da ɗan tsanan ta baya.

Jesi kuwa yana sauka a kafaɗa, yana yin ninki ƙanana daidai jikin. In aka yanke shi da almakashi mai kaifi bakinsa ba ya zarewa, ko keke ban buɗe ba. Rabin da'ira na yanka, na tattare wuyan da zare da allura. A baƙar na zura siririyar waya a gefe biyu, sai ga ta tana lanƙwasuwa kamar iska na kaɗa ta. A naɗe bakin wayar sosai, hannun yara ne.

Aibinsa biyu. Jan yana zuba a wankin farko, kuma rini mai duhu na iya kama jikin roba ya bar tabo, shi ya sa na jiƙa shi, na yi ta ɗaurayewa sai da ruwan ya fito fari. Sannan yana kwasar ƙura, musamman lokacin hunturu.

Wadda ke da tela a kusa ba sai ta sayi yadi ba. Ragowar ƙyallen hijabi ɗaya zai yi alkyabba da yawa.