Sleep No More: Wasan Kwaikwayon da Ɗan Kallo Ke Shiga Cikinsa da Ƙafarsa

A ranar 5 ga Janairun 2025 aka yi wasan ƙarshe kafin rufe McKittrick Hotel da ke unguwar Chelsea a birnin Niyok, bayan an shafe kusan shekara 14 ana gabatar da wasan Sleep No More a cikinsa. Masu shirya shi sun ce an yi wasan fiye da sau 5,000, kuma mutum kimanin miliyan 2 ne suka shiga. Rufewar ba ta kashe gardamar da ake yi a kansa ba, domin an buɗe shi a Shanghai tun 2016, sannan a Seoul a 2025, kuma har yanzu waɗanda suka gan shi sun kasu biyu: wasu na cewa ya sauya musu yadda suke kallon wasan kwaikwayo, wasu kuwa na cewa sun biya kuɗi mai yawa don su yi awa uku suna laluben hanya cikin duhu. Na shiga ginin na Niyok sau biyu kafin a rufe shi, kuma ina ganin ɓangarorin biyu duk suna faɗin gaskiyar abin da suka tarar.

Kamfanin Punchdrunk na Birtaniya, wanda Felix Barrett ya kafa a 2000, shi ne mai wasan. Barrett ya ba da umarni tare da Maxine Doyle, wadda ta tsara rawar. Sun fara gwada shi a Landan a 2003, suka faɗaɗa shi a wata tsohuwar makaranta kusa da Boston a 2009, kafin su kai shi Niyok a Maris ɗin 2011. Ginin da ake kira otal ɗin ba otal ba ne, tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya ne aka haɗe, aka ƙawata su da kamannin shekarun 1930, aka fitar da ɗakuna kusan 100 a hawa daban-daban. Ƙashin bayan labarin shi ne Macbeth na Shakespeare, wato jarumin Sikotilan da ya kashe sarkinsa don kwaɗayin gadon mulki, amma an cire kusan dukkan maganganun, an mayar da su rawa da motsin jiki.

Abin da ɗan kallo ke saya da tikitinsa ya fara ne tun daga bakin ƙofa. Ana karɓar jaka da rigar sanyi, a miƙa wa mutum katin karta guda a matsayin mabuɗin ɗakinsa, sannan a tura shi wani siririn lungu mai duhu wanda yake bi da lalube har ya ɓullo a wata mashaya mai jan haske da ake kira Manderley, inda makaɗa ke tashi. Daga nan ake kiran mutane rukuni-rukuni bisa lambar katinsu, a ba kowa farin abin rufe fuska mai dogon baki kamar na tsuntsu, a gaya musu ƙa'ida: ba magana, ba waya, ba cire abin fuskar. Mai kula da lifta yakan sauke mutane a hawa daban-daban, kuma da gangan yake raba waɗanda suka zo tare. Wannan rabawar tana ɓata wa wasu rai, amma ni ina ganin ita ce shawara mafi hikima a duk tsarin, domin wanda yake riƙe da hannun abokinsa hankalinsa na kan abokin ne, kuma ginin ba zai taɓa kama shi yadda ya kamata ba.

Inda aikin ya kai maƙura shi ne ɗakunan kansu. A ginin na Niyok, a hawa ɗaya akwai titin wani ƙaramin gari mai suna Gallow Green, da shagon tela, da shagon alewa, da na mai cusa fatun dabbobi, da ofishin binciken sirri na Malcolm, ɗan sarkin da Macbeth ya kashe. A wani hawan akwai asibitin masu taɓin hankali, da jerin gadaje da bahunan wanka, da wani daji na busassun itatuwa wanda mutum ke ɓata a cikinsa kafin ya iske wata 'yar bukka. Akwai maƙabarta mai sanyi da ƙanshin ƙasa. An yarda ɗan kallo ya buɗe aljihun tebur, ya karanta wasiƙu, ya duba takardun marasa lafiya, ya zauna a kujerar da ɗan wasa ya tashi daga kai yanzu-yanzu. Wasiƙun da hannu aka rubuta su, kuma abin da ke cikinsu yana da alaƙa da labarin, har wasu sunayen an ɗauko su ne daga shari'ar mayu da aka yi a garin Paisley na Sikotilan a 1697. Irin wannan kulawa da ƙananan abubuwa, waɗanda akasarin masu shiga ba za su ma lura da su ba, ita ce ta sa nake girmama masu aikin, kuma ita ce ba a cika samu ba a wasannin da suka biyo baya suna kwaikwayon salon.

'Yan wasan suna zagaya ginin kowa da hanyarsa, kuma ana maimaita labarin sau uku a dare guda, ta yadda wanda ya bi Macbeth a zagayen farko zai iya bin matarsa a na biyu. Na tsaya taku biyu daga bahon da Uwargida Macbeth ke wanke jinin da ke jikin mijinta, ina jin numfashinsu da ƙarar ruwan, kuma babu wata kujera a zauren wasa na gargajiya da za ta ba mutum wannan kusanci. Ƙarfin jikin masu rawar abin mamaki ne, suna hawa bango da tebur, suna jifa da juna a wurin da bai fi ɗakin kwana girma ba. A ƙarshe ana tattaro kowa zuwa babban zauren rawa da ke ƙasa, inda ake liyafa cikin motsi mai nauyi da jinkiri, sannan a rataye Macbeth a saman kawunan jama'a. Ya kamata a sani cewa akwai tsiraici da jini da walƙiyar fitila mai ƙarfi a wasu wurare, don haka wasan ba na yara ba ne, kuma ba kowane babba ne zai so shi ba.

Masu sharhi sun karɓe shi hannu biyu-biyu da farko. Ben Brantley na jaridar New York Times ya yaba masa a 2011, yana mai jan hankali ga daɗin leƙen asirin wasu da wasan ke tayarwa a zuciyar ɗan kallo, tare da kunyar da ke biyo bayan wannan daɗin. A shekarar ce kuma ya sami lambar yabo ta Drama Desk. Sukar da ta biyo baya ta fi ɗaukar hankalina, domin tana da tushe. Ƙorafi na farko shi ne labarin yana warwatse: wanda bai san Macbeth ba zai ga mutane suna faɗa da kuka da wanke hannu ba tare da ya san dalili ba, kuma ko wanda ya sani zai iya fita bai ga kisan sarki Duncan ba, saboda yana wani hawan lokacin da aka yi shi. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda abin da yake nema shi ne labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, to ya fi masa alheri ya kai kuɗinsa wani zauren.

Suka ta biyu ta fi zurfi. Masanin wasan kwaikwayo Adam Alston ya yi bayanin cewa irin wannan tsari yana saka wa mai zafin nema ne, wanda ya iya kutsawa gaba, ya san inda zai tsaya da lokacin da zai tsaya, yayin da mai kawaici ke komawa baya da ragowar. Na ga hakan da idona. Akwai wani abu da masoya wasan ke farauta, wato lokacin da ɗan wasa zai kama hannun mutum ɗaya, ya ja shi wani ɗaki, ya kulle ƙofa, ya cire masa abin fuska, ya yi masa wasa shi kaɗai na 'yan mintoci. Waɗanda suka zo sau goma ko ashirin sun haddace wuraren, suna rige-rige da ture-ture a kan matakala don su kasance kusa lokacin da za a miƙo hannun. Kafin a rufe na Niyok, sabon shiga da ya biya fiye da dala 100 sai ya tsinci kansa yana kallon ƙeyar mutum talatin. 'Yancin da aka ba kowa daidai ne a ƙa'ida, amma a aikace mai ƙarfin kafaɗa da mai kuɗin dawowa sau da yawa su ke cin moriyarsa.

Abin rufe fuskar ma yana da kaifi biyu. Yana cire wa mutum kunya, ya bar shi ya matsa kusa, ya zura ido yadda ba zai yi ba da fuskarsa a buɗe, kuma yana sa sauran 'yan kallo su zama kamar fatalwowi a cikin hoton. Amma wanda ya san ba a gane shi yakan manta iyaka. A 2018 kafar BuzzFeed News ta wallafa rahoton da wasu 'yan wasa da ma'aikata suka bayyana cewa 'yan kallo sun taɓa jikinsu ta hanyar da ba ta dace ba. Wannan rahoto ya tilasta wa masu irin wannan sana'a tunani a kan tsaron ma'aikatansu, kuma bai kamata a yabi kusancin da wasan ke bayarwa ba tare da an tuna cewa jikin ɗan Adam ne ke ɗaukar nauyinsa kowane dare. Ma'aikata masu baƙin abin fuska suna tsaye a kusurwoyi don lura, amma ɗakuna 100 cikin duhu ba ƙaramin fili ba ne.

Shigata ta farko gudu na yi ta yi, ina bin duk wanda na ga jama'a na bi, na fito a gajiye da guntayen abubuwa da ba su haɗu ba. A ta biyu na yanke shawarar barin taron, na bi Uwargida Macduff, matar abokin gabar Macbeth, wadda ke ɗauke da ciki, tun daga ɗakinta har zuwa inda mai kula da otal ke ɗura mata madarar da ba ta so, kuma a nan ne na fahimci cewa kowane ƙaramin ɗan wasa yana ɗauke da cikakken labari mai ciwo ga wanda ya yi haƙurin tsayawa da shi. Wannan ita ce shawarata ga mai niyyar shiga a Shanghai ko Seoul: ya karanta taƙaitaccen labarin Macbeth tukuna, ya sa takalmi marar tsini mai daɗin tafiya, ya tuna cewa tabarau ba ya zama da kyau a ƙarƙashin abin fuskar, ya rabu da abokin tafiyarsa tun a lifta, sannan ya zaɓi mutum ɗaya ya bi shi zagaye guda cur. Idan matakala ta cika da masu gudu, ya juya ya shiga ɗakin da babu kowa, ya buɗe aljihun tebur ya karanta abin da ke ciki.