Shagon Mai Zane Kusa da Kasuwar Wunti: Daftarin Ɗan Rawar Koroso

Na ba wani mai zane da ke kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi aikin hoton ɗan rawar koroso, kuma al'adarsa ita ce ba ya taɓa fenti sai ya nuna wa mai kaya zanen farko da ya yi da gawayi.

Wannan daftari ya fi burge ni. Ya kafa ƙafar dama a ƙasa da baƙin layi mai kauri, ya bar ta hagu a sama da layuka uku marasa ƙarfi, har ido ya ga motsi a takardar da ba ta motsi. Akayau ɗin da ke idon sawu shi ya fi komai duhu, domin a wurinsa nan ne sautin rawar yake. Fuskar kuwa ya bar ta fayau. Da na tambaya, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, rawar ta gari ce, ba ta mutum ɗaya ba."

Aibinsa shi ne saɓa alkawari, domin mako biyun da ya ɗiba sai da suka zama biyar. Fentin ma ya danne layukan nan uku, shi ya sa na roƙe shi ya haɗa mini da daftarin.