Okid mai takalmi: rodi-rodi ko kore zalla?

'Yar'uwa, kin ce an nuna miki shukar furen nan, okid mai takalmi, iri biyu, ɗaya ganyensa rodi-rodi, ɗaya kore zalla, kina tambayar wanne zai zauna miki a falo. Ni dai da za ki bi tawa, rodi-rodin za ki ɗauka, saboda maganar sanyin dare.

Dukansu 'yan gidan Paphiopedilum ne, masu leɓen fure a kumbure kamar gaban silifa. Rodi-rodin yawanci jinin Maudiae ne, wanda aka samu a Ingila a 1900 daga auren wasu okid biyu na gidan, callosum da lawrenceanum. Iyayen nan 'yan daji mai ɗumi ne, shi ya sa ɗakin da ya yi wa mutum daɗi shi ma ya yi masa. Dare ya sauka digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, ba ya neman ƙari. Fure guda yake fitarwa kan dogon kara, fari mai zanen kore ko ja mai duhu, ya kuma yi kusan wata biyu bai yi yaushi ba.

Koren ya fi shi ado, wannan ba gardama. Furensa faffaɗa ne, zagayayye, yana sheƙi kamar an goga masa kakin zuma. Sai dai a kakanninsa akwai insigne, ɗan tsaunukan arewa maso gabashin Indiya, kuma gado ba ya ɓuya. In bai sami makonni na dare mai sanyi ba, digiri 10 zuwa 13, sai ya yi ta zuba ganye lafiya lau, fure kuwa ko alama.

Wajen ban ruwa ba su da bambanci. Ba su da kumburarren gindin ajiyar ruwa irin na wasu okid, don haka kada ɓawon itacen da ake dasa su a ciki maimakon ƙasa ya bushe ƙayau, kada kuma ya jiƙe sharkaf. Ki tura yatsa ciki, in kin ji ɗan danshi kawai ya rage, ki zuba. Ruwan da ya kwana a tsakiyar ganye kuwa, shi ke ruɓar da toho tun bai leƙo ba. Ki tsane shi da auduga. Taga ta gabas ta ishe su, rana mai tsananin zafi ƙona ganyen take yi.

Kowane kai na ganye da ya tsiro daga gindin shukar, sau ɗaya yake fure a rayuwarsa. In ya gama kada ki yanke shi, sabon da zai fito a gindinsa da shi yake ci.