Gargaɗi ga mai neman ƙaramar tarakta don gonar tudu: wadda aka nuna mini daban, wadda aka kawo mini daban

Ina rubuta wannan gargaɗi cikin ɓacin rai, domin wani dillalin injinan noma ya karɓi kashi 70 cikin 100 na kuɗin ƙaramar tarakta daga hannuna a matsayin kafin alƙalami, ya sake karɓar ragowar kashi 30 kafin a sauke ta daga mota, sannan ya bar ni da akwalar da babu mai hankalin da zai hau gangare da ita. Kashi 70 a zama ɗaya, kuɗin da na daɗe ina tarawa, kuma har yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa.

Masu cewa na yi gaggawa su sani cewa ban je wurinsa da ka ba. Gonata ƙarama ce, amma rabinta tudu ne da gangare, kuma na san abin da irin wannan ƙasa take buƙata. Na san dole ne ƙarfin inji ya isa tayoyi huɗu, domin yawancin ƙananan taraktoci birkinsu a tayoyin baya kaɗai yake, idan ana gangarowa nauyi ya koma gaba sai tayoyin baya su rasa riƙo, kuma haɗa na gaba da na baya ne yake sa tarakta ta tsaya. Na san ana son wadda ta yi ƙasa-ƙasa, mai faɗi tsakanin taya da taya, mai ƙarfen kariya a saman direba tare da bel ɗin kujera. Tun a 1959 ƙasar Suwidin ta wajabta wannan kariya a kan sababbin taraktoci saboda yawan manoman da kifewa ke kashewa. Tarakta idan ta ɗaga gaba za ta kife ta baya, ba ta cika daƙiƙa ɗaya kafin ta wuce inda za a iya dawo da ita. Duk wannan na je da shi a rubuce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya sayi amanata. A filinsa akwai wata tarakta da ta fi arha, na tsaya ina dubanta, sai ya dafa kafaɗata ya ce: “Yallaɓai, wannan ba zan sayar maka ba ko nawa za ka ba ni. Ta fadamar shinkafa ce, siririya ce kuma doguwa, a tudunka kashe ka za ta yi.” Gaskiya ya faɗa, domin taraktocin da ake ƙerawa don gonakin shinkafa na Japan haka suke, tsakanin tayoyinsu a matse, haƙoran tayar dogaye don laka, kuma tsofaffinsu da yawa ba su da ƙarfen kariya. Mutumin da ya ƙi karɓar kuɗina don kada in halaka, ta yaya zan zarge shi? Kullum sai na sake jin wannan magana a kunnena, “ba zan sayar maka ba,” da hannunsa a kafaɗata, kuma a kan wannan magana na ba shi kashi 70.

Wadda aka sauke mini a gona irin waccan ce da ya ce za ta kashe ni. Fenti sabo ne, an manna mata takardar da ke cewa tayoyi huɗu ke ja, amma da makanike ya kwanta ƙarƙashinta sai ya kira ni ya ce in leƙa da kaina. Sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba babu ita, an cire, an toshe wurin da faifan ƙarfe an shafa baƙin mai a kai. Ƙarfen kariyar kuwa bututun ruwa ne aka lanƙwasa aka yi masa walda, aka ɗaure shi da ƙananan notuna a kan murfin taya, alhali na gaskiya a jikin gatarin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ake kafa shi, kuma yana ɗauke da tambarin gwajin masana'anta. Makaniken ya sa hannu ɗaya ya girgiza shi, duk ya yi rawa.

Kafin wannan, ai na gwada tarakta. Wadda ya nuna mini tun farko na tuƙa ta, na sa ta a giyar tayoyi huɗu na ji gaba ya kama ƙasa, na ɗaga garma na sauke, na kunna sandar baya mai juya kayan aiki, wadda ƙa'idarta juyi 540 ne a minti ɗaya. Agogon aikinta yana nuna awa 640. Na ɗauki hoton farantin lambarta, kuma wannan lamba ce a kan rasit. Da motar ta iso da magariba, direban ya ce ba zai kwance igiya ba sai mai kaya ya tabbatar masa an cika kuɗi, na haska fitila na ga lambar faranti ta yi daidai da ta rasit, na ga awa 640, na tura kashi 30. Wane ne a cikinku zai yi fiye da haka? Farantin ne aka ɓamɓare daga waccan aka liƙa wa wannan, agogon ma an musanya shi. Lambar da masana'anta ta buga a jikin ƙarfen akwatin giya daban take, sai da aka kankare fenti ta fito. Abin taka kuloci ya suɗe har yana sheƙi, sitiyari yana lilo, tarakta mai awa 640 ba ta yin haka.

Kai, na manta, tun a ranar da na biya kashi 70 ya ce sai an kai ta an sauya mata mai da abin tace mai kafin a kawo mini, kyauta, don girmamawa. Yanzu na gane a wannan tsakanin aka yi musayar. Da na kira shi ya ce yaransa ne suka yi kuskuren lodi, zai aiko a ɗauke ta. Daga baya ya ce ni na lalata ta a tudu, tarakta da ko sau ɗaya ban hau tudu da ita ba. Daga nan wayarsa ta daina shiga, kuma wani da ya je filin ya gaya mini waccan ta gaskiyar tana nan ana nuna wa wasu masu saye.

Ban ambaci sunansa ba saboda maganar tana gaban hukuma, amma rasit, hotunan taraktocin biyu, hoton lambar da ke jikin ƙarfe da duk saƙonnin da muka yi suna hannuna, kuma zan wallafa su da zarar an ba ni izini, kowa ya gani da idonsa.

Ku duba lambar da aka buga a jikin ƙarfe, kada ku tsaya ga faranti. Kada ku biya komai sai a ranar da za a loda taraktar a gabanku, da makanikenku, da rana tsaka. Ni kam kashi 70 da kashi 30 na ba shi, kuma ba zan bar maganar ba sai ya dawo mini da su duka.