Shagon turin finafinan Sin na Aboabo, ga yadda na same shi

Masu tambayata ina nake samo finafinan Sinawan nan masu tashi sama a kan takobi, to wani ɗan shago ne a Aboabo nan Kumasi, kwantena ce ƙarama, benci ɗaya, kwamfuta ɗaya da fanka mai ƙara, in ka hau pragya, keke mai taya uku, daga Asawase ba nisa.

Yaron shagon ne ya sa nake komawa gaskiya, don shi ba irin masu loda maka duk tarkacen da hannunsu ya kai ba ne, ya san labaran. Ka ce masa na biri kake so sai ya ce wanne a ciki Alhaji, don Sun Wukong ɗin nan da ya fito daga cikin dutse, mai rikiɗa kala 72, mai sandar da yake ƙanƙancewa ta koma kamar allura ya soke a kunne, an yi finafinansa ba adadi, kuma zai faɗa maka wanda ya bi asalin labarin da wanda faɗa ne kawai. Na Nezha mai tayoyin wuta a ƙafa folda daban, na sarakunan teku 4 masu saukar da ruwan sama daban, na dila mai wutsiya 9 da ke zama kyakkyawar mace ma daban, wannan kam ban kunna wa yara. Shi ya ba ni na Hou Yi maharbin da ya harbo rana 9 cikin 10 saboda duniya na ƙonewa, wallahi ya yi kyau. Tatsuniyar mutanensu ce dai, kar wani ya zo min da wa'azi.

Inda na ga gazawa, masu fassarar Hausa ba su da yawa, kuma a wasu muryar mai fassara ta danne kiɗan gaba ɗaya, ana tsakiyar kuka shi yana barkwanci. Sauran rubutun Turanci ne a ƙasa, Hajiyata ba ta iya bi. Sannan masu dogon zango wani lokaci kashi ɗaya ko biyu babu a tsakiya, kana kallo jarumi na kurkuku sai kawai ka gan shi ya zama sarki, haba.

Kuɗinsa ba tsada, yana karɓar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, amma in an ɗauke wuta babu janareta sai ka dawo. Ka je da memori ɗinka, kuma ka ƙirga kashi-kashin a gabansa kafin ka biya.