KoboCollect wajen rajistar waɗanda ambaliya ta shafa a Legas

Duk shekarar da aka saki ruwan madatsar Oyan, kogin Ogun kan cika ya shiga unguwanni irin su Mile 12, Owode Onirin da Isheri, inda 'yan Arewa da yawa ke zaune suna kasuwanci. Kafin a raba ko buhun shinkafa ɗaya, sai an san gida nawa ruwa ya ci. A nan KoboCollect take da amfani.

Manhajar Android ce ta cike fom da tattara bayanai, ƙungiyoyin agaji kuma suna iya fara aiki da ita kyauta. Ana tsara fom a shafin KoboToolbox a kwamfuta, a sa tambayoyin da Hausa da Turanci, sannan kowace waya ta sauke shi sau ɗaya. Daga nan ko babu sabis za a cike suna, yawan iyali, hoton gida da wurin da yake a taswira. In an samu intanet sai a tura. Mai iPhone sai dai ya cike ta burauza.

Akwai wuraren da ake tuntuɓe. Fom ɗin da aka ajiye ba a kammala ba ba ya tafiya, wanda kuma ya goge manhajar kafin ya tura ya yi asarar aikinsa. A ƙarƙashin rufin kwano GPS, wato abin da ke gano wurin da waya take, kan daɗe yana lalube. A fito fili a jira kuskuren gano wurin ya sauko kusan mita 5. Hoto ma a ƙayyade girmansa tun wurin tsara fom, misali fiksel 1024, in ba haka ba data za ta ƙare a banza.

Babban raunin manhajar shi ne maimaici. Wayoyi biyu da ba sa kan intanet ba su san abin da juna suka rubuta ba, sai mutum ɗaya ya shiga sau biyu, nan Muhammadu can Mamman. Maganinsa kati mai lamba ko QR (alamar da kyamarar waya ke karantawa) ga kowane magidanci, da dattijo daga fadar Sarkin Hausawa da ya san fuskoki, sannan a tace jerin a Excel kowane dare. Sunayen mutane da lambobinsu amana ne, kada a watsa su a zauren WhatsApp.

KoboCollect ba ta kiran masu ceto. In rai na cikin haɗari, a kira 767 ko 112.